Akwatunan kan sarki da kawuna ya bari: mene ne ainihin aikin mai binciken tarihin gidan waya?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kan sarki da tsofaffin wasiƙu. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu bayan babbar salla, kuma da aka zo haɗa kayansa domin rabon gado sai aka tarar da akwatunan ƙarfe biyu a ƙuryar ɗakinsa. Ɗaya cike take da ambulan da aka ɗaure kashi-kashi da zare, ɗayar kuma tana ɗauke da kundi uku na kan sarki da littattafan rubutu goma sha ɗaya. Ni ba magaji ba ne, amma da yake ni na fi zama wurinsa a ƙarshen rayuwarsa, 'ya'yansa suka ɗora mini nauyin in bincika ko kayan nan suna da wata daraja da za a shigar cikin lissafin gado.

Marigayin ya yi aikin gidan waya tun zamanin da ake kiran ma'aikatar P&T, kuma bayan ya yi ritaya bai bar harkar ba. Mun saba ganinsa da hantsi a zaure, da gilashin ƙara girman rubutu a hannu, yana duban bayan ambulan guda ɗaya har rana ta take. A cikin littattafan nasa babu komai sai sunayen garuruwa, da ranaku, da zanen hatimi iri-iri da ya kwaikwaya da fensir. Idan aka ce masa yana tara kan sarki kamar ɗan makaranta, yakan ce shi hanya yake bi, kan sarkin kuwa kuɗin mota ne kawai. A lokacin mun ɗauki maganar raha ce.

Tambayoyina uku ne. Wane irin aiki ne wannan da mutum zai kwashe shekaru a kansa, kuma akwai waɗanda suke yinsa da gaske a matsayin bincike? Shin ya dace in jiƙa ambulan ɗin in ciccire kan sarkin in jera su a kundi, domin takardun sun fara yin ja, wasu ma gara ta taɓa gefensu? Sannan, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, akwai kuɗi a cikin abin nan ko babu?

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙuri. Zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce mai gaggawa: ɗana, kada ka kusanto da ruwa wurin ambulan ko ɗaya. Ni na yi wannan ɓarnar ina yaro, na yayyage wasiƙun mahaifina na jiƙa su a kwano, kuma har yau da na haura saba'in ina tuna wasu daga cikinsu da takaici, domin yanzu na san abin da na zubar a bola.

Masu wannan harka iri biyu ne, ko da yake sau da yawa mutum ɗaya yakan haɗa duka. Mai tara kan sarki yana kallon ita 'yar takardar kanta: launinta, da adadin haƙoran gefenta da ake ƙirgawa a tsawon santimita biyu, da tambarin da ke ɓoye cikin jikin takardar wanda ba a gani sai an ɗaga ta ga haske, da kuskuren ɗab'i idan akwai. Mai binciken tarihin gidan waya kuwa ambulan gaba ɗaya yake karantawa. Yana son ya san inda aka jefa wasiƙar da ranar, da garuruwan da ta ratsa bisa hatiman da aka buga a bayanta, da kwanakin da ta yi a tafe, da ko kuɗin da aka biya ya yi daidai da farashin da hukuma ta sanar a wannan shekara, in kuma bai yi daidai ba, me ya sa. Kawunka yana cikin kashi na biyu, kuma maganarsa ta kuɗin mota ba raha ba ce.

Ga misalin da zai nuna maka dalili. Legas ta sami kan sarkinta tun 1874, amma yankin da Kamfanin Royal Niger yake riƙe da shi kafin 1900 bai taɓa samun nasa ba. Kan sarkin Ingila ake liƙawa, irin wanda ake saye a kowane gidan waya a Landan, kuma abin da kaɗai zai shaida cewa wasiƙar daga bakin Kwara ta taso shi ne hatimin Lakwaja ko Burutu ko Akasa, wanda yakan faɗo rabi a kan sarkin rabi a jikin ambulan, wani lokaci ma a gefe. Wanda ya cire kan sarkin ya mayar da shaidar tarihi ta zama 'yar takardar da ake da irinta miliyoyi.

A ranar 1 ga Janairu 1900 aka kafa Jihar Arewa a ƙarƙashin Lugga, kuma a cikin shekarar aka kawo kan sarki mai ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa, daga na ɗari, wato rabin kwabo, har na sule goma, bugun kamfanin De La Rue. Abin ban dariya shi ne, abin da muke kira kan sarki a nan da kan sarauniya ya fara, domin hoton Sarauniya Biktoriya ne a jiki, ita kuma ta rasu a Janairun 1901. Na Edward na Bakwai suka biyo baya a 1902, na George na Biyar a 1912, sannan haɗewar 1914 ta kawo ƙarshen sunan Arewa a kan sarki. Shekara goma sha huɗu ke nan kacal, amma a cikinsu hanyar wasiƙa ta sauya fiye da sau ɗaya. Da farko jirgin ruwa ne yake hauro da jakunkuna ta Kwara, daga nan masinjoji su ɗauka a ka zuwa barikokin da ke nesa. Hedikwata ta koma Zungeru a 1902. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai tafiyar da ake ƙirga ta da makonni ta koma ta kwanaki. Daga baya jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka Kano a Nuwamban 1925 daga Masar, kuma a 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe jigila tsakanin Hartum da Kano, inda wasiƙarmu ta riƙa haɗuwa da babbar hanyar da ke bi ta Alƙahira zuwa Landan. Duk waɗannan sauye-sauye suna nan rubuce a bayan ambulan ga wanda ya iya karatu.

Littattafan nan goma sha ɗaya su ne aikin, ba kundin kan sarkin ba. Hanyar da ake bi ita ce, kowane hatimi na kowane gidan waya a zana shi, a auna faɗinsa, a rubuta rana mafi tsufa da aka gan shi a jikin wasiƙa da rana mafi kusa. Idan ka sami ambulan da ta riga ranar da ka rubuta, sai ka goge ka gyara. Da haka ake gano lokacin da aka buɗe ƙaramin gidan waya a wani ƙauye, da lokacin da aka rufe shi, da lokacin da hatimi ya lalace aka kawo sabo, har da yadda rubutun sunan gari ya sauya a hannun Turawa. Bayan haka sai mutum ya tafi gidan adana takardun tarihi na Kaduna ya zauna da gazet ɗin gwamnati da rahotannin shekara-shekara na ma'aikatar, ya gwada abin da hukuma ta ce da abin da ambulan ta nuna, kuma ba kullum suke jituwa ba. Ni na taɓa yin kusan shekara shida ina neman ambulan ta biyu da za ta tabbatar mini da wani hatimi, domin shaida ɗaya ba ta isa a kafa magana a kanta ba, wataƙila ma'aikacin ne ya manta bai juya kwanan wata ba da safe.

Rayuwa ce ta kaɗaici a ƙasarmu, ba zan ɓoye maka ba. A Ingila akwai ƙungiyar masana kan sarki ta Landan da aka kafa tun 1869, akwai kuma ƙungiyar West Africa Study Circle mai fitar da mujallar Cameo, wadda ta keɓe kanta ga Afirka ta Yamma. Yawancin abin da aka rubuta a kan gidan wayarmu daga can ya fito, kuma sun yi aiki mai kyau, sai dai abin da ya isa hannunsu shi ne wasiƙun da joji da ɗan mishan da ma'aikacin kamfani suka aika gida, iyalansu suka adana. Wasiƙar da ɗan kasuwa ya aika daga Gusau zuwa Nguru, ko ɗan makaranta daga Katsina zuwa ƙauyensu, ba ta je Landan ba balle ta shiga gwanjo. Idan kawunka ya tara irin waɗannan, to ya tara abin da su can suke nema ba su samu.

Badamagare ya amsa:

Salamu alaikum. Ina miƙa ta'aziyyata, kuma ina goyon bayan abin da Baba Akawu ya faɗa, sai dai ina so in ƙara wani gefe da 'yan'uwanmu na Nijeriya suke yawan mantawa da shi. Malam, ka duba ko a cikin ɗaurin akwai ambulan da suka fito daga wajenmu, domin mutumin da ya yi aikin gidan waya a Kano da wuya a ce wasiƙun Damagaram da Maraɗi da Tasawa ba su ratsa ta hannunsa ba.

A Nijar, kan sarkin farko mai sunan ƙasar ya fito ne a 1921, kuma ba sabon bugu ba ne: na yankin da Faransawa suke kira Haut-Sénégal-Niger aka ɗauko, mai hoton Buzu a kan raƙumi, aka buga sunan Territoire du Niger a kai. A lokacin Damagaram ce hedikwata, sai a 1926 aka mayar da ita Yamai, kuma a shekarar aka fitar da jerin da ke ɗauke da hoton masu jan ruwa a rijiya, da jirgin ruwa a kogi, da ganuwar barikin Damagaram. Daga tsakiyar shekarun 1940 aka daina buga wa kowace ƙasa nata, aka koma na Afirka ta Yamma ta Faransa baki ɗaya har zuwa 1959. Ka ga a wannan tsakanin matsalar da Baba ya ambata ta sake dawowa, domin kan sarki iri ɗaya ake liƙawa a Dakar da Bamako da Agadas, kuma hatimi ne kaɗai zai raba su.

Abin da ya fi jan hankalina a nawa ɗan binciken shi ne wasiƙar da ta ƙetare iyaka. Dangi ɗaya ne, yare ɗaya, tafiyar da fatake suka saba yi da jakuna, amma a idon gidan waya wasiƙa daga Damagaram zuwa Kano wasiƙar ƙasar waje ce, ana biyan ta da faran bisa ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya da aka kafa a birnin Bern a 1874. Shi ya sa mutane da yawa ba su bi ta gidan waya ba sam, sai su ba direba ko ɗan kasuwa sallahu. Ina da 'yan takardu irin waɗannan, an naɗe su an rubuta sunan mai ita a baya, babu kan sarki babu hatimi. Wasu masu tarawa ba sa ƙirga su, ni kuwa ina ganin tarihin aika saƙo a ƙasar Hausa bai cika ba in babu su, tun da sarakunanmu suna aika manzanni da takarda mai hatimi, 'yan kasuwar Kano kuma suna musayar wasiƙu da Gadamas da Tarabulus ta hannun ayari, tun kafin a buga kan sarki na farko a duniya a Ingila a 1840.

Malama Mai Adana Takardu ta amsa:

Allah ya gafarta wa mamacin. Ni ba mai tara kan sarki ba ce, aikina kula da tsofaffin takardu ne, don haka zan tsaya a kan abin da ya kamata a yi wa akwatunan a makon nan. Jan da ka gani a jikin takardun laima ce ta damina ta haifar da shi, kuma akwatin ƙarfe da ke ajiye a ƙasa tana tara gumi a ciki. A ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da bango, a fito da ɗaurin ɗaya bayan ɗaya a sha iska a inuwa cikin ɗaki, kada a shanya a rana domin rana tana cinye launi da tawada. Waɗanda gara ta taɓa a ware su daban har a tabbatar babu sauran rai a ciki. Kada a sa salatif, kada a sa gam, kada a kai su wurin masu liƙe takarda da leda mai zafi, domin wannan liƙin ba ya warwaruwa kuma ya kashe takardar ke nan. Kan sarkin da ke cikin kundi kuma da hantsaki mai faɗin baki ake ɗaukarsa, ba da yatsa ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne kada ka wargaza tsarin da ya bari. Yadda ya ɗaure su kashi-kashi yana da ma'ana, kuma mai yiwuwa kowane ɗauri yana da shafinsa a cikin littattafan. Ka ɗauki hoton kowace ambulan gaba da baya da wayarka, ka ba ta lamba a wata takarda daban, ka mayar da ita inda ka ɗauko ta.

Ina da saɓani kaɗan da malaman da suka riga ni. Su hankalinsu yana kan bayan ambulan, ni kuwa nawa yana kan abin da ke ciki. Idan akwai wasiƙu a ciki, musamman na ajami, to sirrin mutane ne, akwai maganar bashi da aure da rigimar gida, kuma jikokin masu su suna raye. Kafin a sa hoton ko ɗaya a intanet ko a miƙa wa mai saye, ya kamata wani babba a gidan ya karanta. Na ga inda aka sayar da tarin wasiƙu ga baƙo, daga baya iyalin suka zo neman kwafi ba su samu ba.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi shawararku ban taɓa ruwa ba, kuma Malama, na ɗora akwatunan a kan benci. Da na duba sai na ga lallai kowane ɗauri yana da lamba da ta dace da shafi a littafi. A kundin na ga wani kan sarki na sisi mai hoton hasumiya da ta yi kama da Gobarau, da wani na ahu mai hoton gyaɗa. Akwai kuma ɗauri guda da ya ɗaure mini kai, ambulan kusan ashirin babu kan sarki ko ɗaya a jikinsu, sai hatimai da sa hannu da wani rubutun Turanci a sama, an aiko su ga wani mutum ta hannun hakimi. Su ma suna da amfani? Har yanzu kuma magada suna jiran amsar tambayata ta uku.

Tsohon Akawu ya sake amsawa:

Idonka bai yaudare ka ba, Gobarau ce ta Katsina. Tana cikin jerin hotuna na 1936, a ƙarshen zamanin George na Biyar, tare da na sule mai shanun Fulani. Na ahu mai gyaɗa kuwa na jerin 1953 ne, wanda a cikinsa na kwabo yake ɗauke da mahayan Barno, na taro kuma gadar Jaba. Suna da kyau, amma an buga su da yawa ƙwarai, kuma wanda aka riga aka yi aiki da shi ba zai saya maka abin kirki ba.

Ka gaya wa magada gaskiya: mafi yawan abin da ke cikin kundin irin wannan ba dukiya ba ne. Labaran da ake ji na miliyoyi gaskiya ne, amma na 'yan ƙalilan ne, kamar kan sarkin Giyana ta Ingila na 1856 wanda guda ɗaya tak ya rage a duniya, aka sayar da shi sama da dala miliyan tara a 2014. A namu na Arewa, wanda ake ji da shi shi ne na fam ashirin da biyar na 1904, kuma kuɗin nan a wancan zamani ya fi ƙarfin kowace wasiƙa, shi ya sa kaɗan ne suka wanzu. Saboda tsadarsa kuma akwai na jabu, don haka ko ka ga mai kama da shi kada ka yi murna sai masana sun duba. Farashin da za ka gani a littafin farashin kan sarki na kamfanin Stanley Gibbons na mai cikakkiyar lafiya ne a kantin dila, kuma wanda ya sha laimar Kano ba zai kai kusa da haka ba. Inda za a iya samun daraja shi ne ambulan masu hatimin ƙananan garuruwa, da masu hatimin gidan wayan da ke tafiya cikin jirgin ƙasa, da duk abin da ya riga 1914. Shawarata ita ce a sa wanda ya san harkar, wanda kuma ba shi ne zai saya ba, ya yi musu ƙima gaba ɗaya tare da littattafan, sannan idan wani daga cikin magada yana so ya riƙe, a lissafa a cikin rabonsa, maimakon a raba ɗauri-ɗauri kowa ya tafi da guntun da ba zai amfane shi ba.

Ɗaurin nan da babu kan sarki shi ya sa na tashi zaune. Bisa yadda ka siffanta su, wasiƙun soja ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Sojan da ke bakin daga ba ya biyan kuɗin wasiƙa ta ƙasa, sai a rubuta a sama cewa yana bakin aiki, hafsa ya karanta ya sa hannu, a buga hatimin tacewa da na gidan wayan soja, wanda lamba yake ɗauka maimakon sunan gari domin kada a san inda rundunar take. Dubban 'yan Arewa sun je Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma ta hannun hakimi ko dagaci saƙonsu yake isa gida, tun da ƙauye ba shi da adireshi. Masu bincike sun yi aikin gano inda kowace lamba take a kowane lokaci, saboda haka daga lambar da ranar za a iya sanin ko mutumin yana Indiya ne ko ya riga ya shiga daji. Ka ɗauko mini hoton uku daga ciki, gaba da baya, ka rufe sunan da guntun takarda kamar yadda Malama ta yi gargaɗi, ka haɗa da shafin littafin kawunka mai lambar wannan ɗauri, domin ina so in ga ko ya riga ya gano lambobin kafin in fara nawa lissafin.